Lakar Shagari da Gudun Bakin Tafki

Litinin: Boɗinga zuwa Shagari

Na bar gidanmu a Boɗinga ranar Litinin da ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Duk lokutan da zan ambata daga agogon hannuna na ɗauke su, wanda na san yana gaggawa da minti biyu, kuma na riga na cire su. Nisan garuruwa kuwa ban auna da kaina ba, saboda haka inda ban tabbata ba zan faɗi cewa ban tabbata ba.

Ga dalilin tafiyar. Na karanta labarin ƙasa a jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo gida daidai lokacin da aka tsuke bakin aljihu, aka dakatar da ɗaukar ma'aikata kusan ko'ina. Wata goma sha huɗu na yi a shagon yayana Bello, tela, ina sa maɓalli ina yanke zare. Sai ga takarda daga gandun namun dajin da ke bakin babban tafkin nan na kudu da Yawuri, inda na taɓa neman aiki. Gurbi biyu ne. Za a gana da masu nema ranar Alhamis, amma kafin ganawa akwai gwaji: gudun kilomita takwas a bakin tafki cikin minti hamsin. Wanda ya wuce lokacin ba za a saurare shi ba. Ban ji tsoron wannan sharaɗi ba, domin tun ina jami'a nake sassarfa kowace safiya.

Inna ta rako ni bakin zaure da ƙullin dabino da ƙuli-ƙuli.

"Duk karatun ga da kay yi, da gudu za a gwada ka?"

"Haka takarda tac ce, Inna."

"To, Allah shi ba da sa'a. Ka biya wurin kawunka, kada shi ji ka wuce ƙofar gidanai."

A tasha na samu a-kori-kura mai ɗauke da buhunan albasa marasa kaya, na biya naira ɗaya, na zauna gaba. Mun wuce Sifawa ƙarfe shida da minti ashirin. Gaba kaɗan muka tarar da shingen 'yan sanda, ganga biyu da katako. Ɗan sandan ya leƙo, ya ga kambas ɗina rataye a wuya da igiyarsu.

"Malam, takalmi a wuya, ƙafa a silifa?"

Direba ya riga ni amsawa: "Ranka shi daɗe, yanzu takalmi ya fi ƙafa tsada."

Aka ɗage katako. Mun shiga Shagari ƙarfe bakwai da minti goma. Direba ya ce kilomita ashirin da biyar ne daga Boɗinga. Ina jin ya ɗara haka kaɗan.

Shagari: fadamar Kawu Mamman

Kawu Mamman ƙanen Inna Hajara ne, manomin albasa, kuma da rani ba a samunsa a gida sai a fadama. Na huta, na ci tuwon dawa da miyar kuka, bayan la'asar na ce zan je in gaishe shi, in kuma motsa ƙafa a bakin ruwan da suke ban-ruwa da shi, tunda ya yi kama da inda za a gwada ni. Na sa gajeren wando da kambas, na kama hanyar da ta bi gefen fangulan albasa.

A nan na yi kuskure na farko. A jami'a mutum zai yi gudu har ya gaji ba wanda zai ɗaga kai. A fadamar Shagari kuwa, babban mutum ba ya gudu sai in wuta ta kama, ko shanu sun shiga gona, ko kuma shi ne ake bi. Wani mai jan jigo ya ce, "Lahiya?" Na ɗaga masa hannu na wuce. Ban yi taku ɗari ba na ji ƙafafu a bayana. Na waiwaya, sai ga mutum uku, ɗaya da fartanya, biyu da sanduna, na ƙarshensu yana gudu yana duba baya don ya ga abin da ya koro ni.

Kunya ta kama ni. Na hango inda hanyar ta yi gwiwa ta zagaye wani fili da ruwa ya janye ya bari, busasshe, fari-fari, ya tsattsage kamar tsohon daɓe. Na ce bari in yanke ta nan in isa wurin Kawu in huta da 'yan rakiya. Wannan shi ne kuskure na biyu. Taku shida ƙasar ta ɗauke ni. A na bakwai ɓawon ya fashe, ƙafar hagu ta nutse har gwiwa. Da na yunƙura in cire ta, ta dama ta bi ta, har cinya.

Mutanen suka tsaya a bakin ciyawa, ba wanda ya tako filin. Can sai ga Kawu ya taho a hankali da gorar jigo a kafaɗa.

"Ku aje sandunanku," in ji shi. "Ɗan Hajara na. Ba ɓarawo ba na, digiri gare shi."

"To mi yak koro shi?"

"Shi za mu tambaya in mun hisshe shi."

Ya tsuguna ya dube ni. "Bar jan ƙahwar ga sama, ƙara riƙe ka takai. Kwanta rigingine."

"Kawu, cikin laka?"

"Da can ina kake?"

Na kwanta, na baje hannuwa kamar yadda ya ce. Ya shimfiɗo gorar a kan lakar har ta iso gefena, ya ce in ɗora nauyina a kanta, in riƙa murza ƙafa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Cikin minti biyar na fito da rarrafe, amma kambas na hagu ya zauna a ƙasa. Ga shi ba ni da wani, kuma a wannan lokaci ko da kuɗi a hannu ba lalle a samu a kasuwa ba. Kawu ya kwanta a kan gorar, ya cusa hannu har kafaɗa, ya lalubo shi.

Da muka wanke jiki a bakin rijiyar ban-ruwa, ya kama hannuna ya mai da ni bakin filin.

"Dibi nan. Shanun Hilani kullum suna zuwa shan ruwa. Ka ga sawun kohwato guda bisa wagga ƙasa?"

Na duba. Babu. Sawun shanun duk ya bi gefen ciyawa, ya yi gwiwa tare da hanyar. A kan filin ba komai sai sawun balbela.

"Saniya ta hi son gajerar hanya bisa gare ka, amma ta zagaya. Kuma leƙa cikin tsagar ga." Na leƙa, can ciki baƙi ne wuluk, yana ƙyalli. "In ta bushe har ƙasa, cikin ma fari za ka gani. Rana ɓawo kawai taka gasawa."

Na ce masa a jami'a mun karanta irin wannan ƙasa, har sunanta na sani.

"Madalla," in ji Kawu. "Ita ba ta san naka ba."

Talata: Shagari zuwa Yawuri

Kambas ya kwana a kan danga ya bushe. Na shiga fijo ƙarfe bakwai da rabi, mu tara har da direba, naira bakwai zuwa Yawuri. Tambuwal ƙarfe takwas da minti ashirin, Jega ƙarfe tara da kwata. A Jega muka shiga layin mai, muka yi awa biyu da minti goma. A gefen gidan man akwai wani layin, na masu jiran a buɗe kanti, an ce an kawo madara da sabulu. Wata tsohuwa a motarmu ta sauka ta shiga wancan layin don gwada sa'a, ta dawo hannu wofi kafin mu kai ga famfo.

Bayan Koko tayar baya ta fashe. Direba ya fito da safaya, wadda ta fi wadda ta fashe sulɓi.

Wani fasinja ya ce, "Direba, wannan taya ce ko faranti?"

"Alhaji, in ka san inda ake sai da sabuwa, faɗa mini, in kai ka kyauta."

Daga nan bai ƙara wuce tafiyar keke mai sauri ba, kuma ban ga laifinsa ba. Shinge uku muka wuce a wannan rana. Mun isa Yawuri ƙarfe biyar saura minti ashirin. Na sauka gidan Alhaji Ɗanjuma, dillalin albasa, abokin cinikin Kawu. Ya ba ni ɗakin baƙi a zaure, aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Da ya ji labarin laka ya yi dariya har ya share ido, sa'an nan ya ce, "Can inda za ka ma ruwa yana ja baya yanzu. Ka riƙe maganar Mamman."

Laraba: ƙetare ruwa

Ƙarfe takwas na shiga jirgin ruwa mai inji, tare da buhunan gishiri, keke huɗu da akuya biyu. Naira biyu. Awa ɗaya da minti goma muka yi kan ruwa. Wanda ya zauna kusa da ni dogon saurayi ne mai suna Isiyaku, shi ma da kambas a jaka, shi ma gwajin zai je. Ya ce shi ne ya riƙa wakiltar kwalejinsu a gudu mai nisa.

"Daga ina?" ya tambaye ni.

"Boɗinga."

"Basakkwace. Ku da kuke tafiya kamar kuna tsoron kada rawani ya faɗi, yaushe kuka fara gudu?"

"Shekaranjiya," na ce. "Har mutum uku suka biyo ni koyo."

A ɗaya gaɓar motar gandu tana jira. Tafiyar awa biyu da rabi ce a hanyar burji kafin sansani. Mu goma sha bakwai muka taru. Aka ba mu ɗaki mai gadajen ƙarfe, aka ba mu shinkafa da wake. Da yamma babban jami'in wurin, wani dattijo gajere mai furfura a gemu da ake kira Malam Audu, ya tara mu a inuwa.

"Gobe ƙarfe bakwai. An kafa turaku masu farin kai, su ne hanya. Ƙarshenta gindin maɗaci, inda za ku ga mota. Masu gadi za su riga ku wucewa saboda dorina."

Isiyaku ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, in mutum ya ga gajerar hanya fa?"

"Ƙafarka ce," in ji Malam Audu.

Alhamis: gudun

Mun tashi ƙarfe bakwai daidai a agogon Malam Audu, wanda na gwada da nawa tun da farko. Na tsara in ci kowace kilomita cikin minti biyar da rabi, in isa da rarar minti shida. Na bar masu ɗoki suka yi gaba.

Zan so masu karatu a gida su ga wannan hanya, domin ban taɓa gudu a wuri mai kyanta ba. Tafkin yana hannun dama, faɗinsa har ido ba ya kai ɗaya gaɓar. Tsakaninsa da hanya fadama ce, ciyawar burugu da kacala sun fi mutum tsawo a wasu wurare, ganyen bado ya rufe ƙananan kududdufai. Ƙasar da muke takawa yashi ne mai ɗan danshi, mai daɗin taku. Kirinjijiya suka tashi garke guda suna fito a kanmu. Wani zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, bai ko kula mu ba. A kilomita ta uku na ga mariya huɗu, dangin barewa, sun ɗago kai daga ciyawa. Wani ya ce biyar ne, ni dai huɗu na gani. Numfashina daidai yake, ƙafata ba nauyi, na wuce mutum shida ba tare da na ƙara sauri ba.

Bayan kilomita ta biyar tafkin ya miƙo wani hannu cikin tudu, ruwan kuma ya janye daga cikinsa. Turakun suka karkata hagu don su zagaye shi, zagayen da na ƙiyasta zai kai mita ɗari bakwai. A miƙe kuwa bai fi taku ɗari biyu ba, kuma ana hango turakun ɗaya gefen sarai. Filin fari ne, busasshe, a tsattsage.

Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Sai na rage sauri na dubi ƙasa. Sawun kofaton namun daji ya cika gefen ciyawa, manya da ƙanana, dukansu sun yi gwiwa tare da turakun. A kan filin sawun tsuntsu kaɗai ne. Na leƙa tsaga ɗaya ina wucewa: baƙa, tana ƙyalli.

Mutum biyar da ke gabana sun riga sun shiga. Na ɗaga murya na ce, "Laka ce, ku dawo." Huɗu sun dawo da kansu, da ƙasar ta fara cin idon sawunsu. Isiyaku kuwa saurinsa da tsawon takunsa suka kai shi nesa. Ina cikin zagaye ina ganinsa yana tsallake tsaga bayan tsaga, har na fara zaton zai tsira. Saura kamar taku goma ya kai tudu ɓawon ya fashe.

Da na zagayo inda yake ya nutse har cinya, yana fizgar ƙafa, yana ƙara shiga. Na dubi agogo: minti talatin da uku. Sauran hanya kilomita biyu. Masu gadi suna gaba, ba kowa kusa sai masu gudu, kuma kowa ta kansa yake yi. Na lissafa cewa ina da minti biyar da zan iya bayarwa, ba shida ba.

"Daina ja," na ce. "Kwanta rigingine."

"In kwanta? Kana hauka ne?"

"Shekaranjiya waccan haka na tambaya. Kwanta, ba ni da lokaci."

Babu gora a wurin. Na tuge turaku biyu daga cikin na hanya, kowane ya kai ƙirjina, na taka iyakar inda sawun kofato ya tsaya, na tura masa su a kan lakar. Ya ɗora baya a kan ɗaya, ya riƙe ɗaya, na riƙa gaya masa yadda zai murza ƙafa. Ta dama ta fito, ta hagu ta fito, takalma duka biyu suka zauna. Ya rarrafo na kama hannunsa. Na mai da turakun, na dubi agogo: minti talatin da takwas ya wuce da 'yan daƙiƙu.

Wannan kilomita biyu ta ƙarshe ban ga tsuntsu ba, ban ga tafki ba. Na daina sassarfa na yi gudu sosai, irin wanda da a Shagari ne da duk fadama ta biyo ni. Na taɓa motar da ke gindin maɗaci, Malam Audu ya ce, "Arba'in da tara." Nawa agogon ya nuna arba'in da takwas da daƙiƙa hamsin, amma nasa ne hukunci. Mu tara muka shiga cikin lokaci. Isiyaku ya iso ba takalmi a minti hamsin da huɗu, laka har wuya. Ya zauna kusa da ni yana haki.

"Basakkwace," ya ce, "ashe tafiyar rawanin nan da dalilinta."

Ganawar

Bayan azahar aka fara kiranmu ɗaya-ɗaya. Mutum uku ne a teburin, har da Malam Audu. Sun tambaye ni karatun taswira da auna nisa, na amsa ba tare da wahala ba. Da suka ce ko ina da abin faɗi, na ce akwai.

"Ranka ya daɗe, na tuge turaku biyu a bayan kilomita ta biyar. Na farko na mai da shi raminsa. Na biyun ban tabbata ba. Yana yiwuwa ya kauce da taku ɗaya."

Malam Audu ya cire tabarau. "Wa ya tambaye ka wannan?"

"Ba kowa. Amma in an sake auna hanyar, kada a rasa dalili."

"Masu gudu sun gaya mini abin da ka yi da turakun. Abin da ba su gaya mini ba, yaya aka yi ka san filin nan tun kafin ka taka shi?"

Na ba shi labarin Shagari duka, har da mutum ukun da sandunansu, ban rage komai ba. Na kusa da shi ya yi ta dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Kowane wata ruwan nan yana ja baya, kowane wata sai an sake kafa turakun nan, da na hanyar mota. Masu karanta taswira ina samu, masu karanta ƙasar kanta ne ke wuya. Je ka."

Washegari da safe aka manna takarda a ƙofar ofis, suna biyu a kanta. Nawa ne na biyu. Na karanta sau uku, na kuma tambayi akawu ko akwai wani mai irin sunana cikin masu nema. Ya ce babu. Za a fara aiki farkon wata.

Juma'a da Asabar: komawa gida

Mun ƙetaro tare da Isiyaku, yana sanye da silifana, ni da kambas. A Yawuri muka yi sallar Juma'a, muka yi musayar adireshi, ya nufi tashar kudu. Na sake kwana gidan Alhaji Ɗanjuma. Asabar ƙarfe bakwai na samu fijo mai tayoyin kirki, ba mu tarar da layi a Jega ba domin man ya ƙare gaba ɗaya, direbanmu kuwa da jarkarsa. Na sauka Shagari ƙarfe biyu da rabi, na wuce fadama kai tsaye, da tafiya, ba da gudu ba.

Kawu yana jan jigo. Bai tambaye ni sakamako ba. Ya saki igiya, ya sunkuya ya dubi kambas ɗina, ya ga iyakar inda laka ta taɓa, ɗan yatsa biyu sama da tafin.

"To," ya ce. "Ka zagaya."

"Na zagaya, Kawu. Kuma an ɗauke ni."

Ya juya wajen maƙwabcinsa, mai fartanyar nan ta ranar Litinin. "Ka jiya? Shekara huɗu shina jami'a, ashe aikin nan cikin fadamata anka ba shi." Sa'an nan ya cika mini ƙaramin buhu da albasa, ya ce in kai wa Inna.

Na iso Boɗinga ƙarfe biyar da minti goma. Yaya Bello ya hango ni daga shago, ya dubi fuskata, ya ce wa abokin aikinsa su fara neman wani mai sa maɓalli.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni lafiya Ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Alhaji Ɗanjuma saboda masauki, da direbobin da suka yi haƙuri da hanya, da Kawu Mamman saboda gorar jigonsa. Ina kuma gode wa mutum ukun da suka biyo ni a fadamar Shagari. Ban samu sunayensu ba, kuma ba na son in rubuta abin da ban tabbatar ba.